Tsamin da Ba a Saye a Kanti: Kunun Magamar Jibia da Giyar 'Ya'yan Itace ta Beljiyam

Mai sayar da kunun aya a Magamar Jibia ba ta da abokin gaba kamar rana. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kunun da aka tace bayan sallar asuba, aka haɗa da dabino da kwakwa, aka ɗura a gorunan roba, in babu ƙanƙara ba ya kai la'asar da ɗanɗanonsa na safe. Kafin azahar zaƙin ya soma ja da baya. Jim kaɗan gorar ta kumbura, in an murɗa murfin iska ta fito da ƙara, kumfa ta taso. Masu sana'ar sukan ce ya juya, ko ya tashi. Shi ya sa direban babbar mota da ke zaman jiran takardun kwastan ba ya miƙa kuɗi sai ya tambaya: "Hajiya, na yau ne ko kwantai?"

Abin da ke faruwa a cikin gorar nan, wanda a wurin Hajiya asara ce, shi wasu gidaje a ƙasar Beljiyam suka mayar sana'ar gado. Suna dafa ruwan hatsi, su bar shi a buɗe ya kwana, su ɗura a gangunan katako, su jira shekara ɗaya zuwa uku. Abin da ke fitowa giya ce mai tsami, ana kiranta lambik, daga baya kuma akan zuba wa wata 'ya'yan itace. Giya haramun ce ga Musulmi, kuma Jihar Katsina na cikin jihohin da suka hana ta tun da aka ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000. To me ya kawo zancenta a nan? Dalili shi ne ilimin da ke ƙarƙashinta, wato sarrafa tsamin da ke zuwa da kansa ba tare da an sayo masa wani iri ba, muna da shi a gidajenmu tun kaka da kakanni, a ɓangaren halal, a hannun mata. Mutanen Beljiyam sun rubuta nasu, sun yi masa doka, sun tsare sunansa. Mu kuwa muna musayar namu da garin leda.

Garin jira

Magama gari ne na jira. Tana kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba, kuma ita ce ƙofar ƙarshe a ɓangaren Najeriya kafin a nufi Ɗan Isa da Madarumfa. Direbobi na jiran takardu, 'yan dako na jiran lodi, 'yan canji na jiran mai naira ko mai sefa, 'yan acaɓa na jiran fasinja. Duk inda ake jira cikin rana kuwa ana sha. Da sassafe koko da ƙosai, da hantsi fura da nono, da rana zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi, in azumi ya kama kuma kunun tsamiya ya karɓe gari da magariba.

Kayan haɗin ma iyakar suke bi. Yankin Maraɗi na cikin manyan wuraren noman aya a Afirka ta Yamma, dabino kuma daga arewa yake gangarowa, citta tana haurowa daga kudancin Kaduna, gero na kai da kawowa gwargwadon inda damina ta fi kyau. Saboda haka duk lokacin da aka rufe iyaka, tukunyar mai kunu na cikin waɗanda ke fara ji. An rufe a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibia a hukumance ba sai Afrilun 2022. An sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai ranar 26 ga Yuli, aka buɗe a Maris 2024. A karo na biyun har wutar lantarkin da Najeriya ke tura wa Nijar aka yanke, kuma inda babu wuta babu ƙanƙara. A irin wannan hali ne ake gane bambancin abin sha iri biyu: wanda tsami ke kashewa, kamar kunun aya, da wanda tsami ke raya shi, kamar koko da nono.

Yadda ake kiwon tsami

Mai koko ba ta gudun tsami, nemansa take. Takan jiƙa gero ya kwana ɗaya ko biyu, ta wanke, ta kai inji a markaɗa da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, ta tace, ta bar ƙullun ya kwanta. Washegari gasara ta zauna a ƙasa, wani ruwa mai tsami ya taso a sama. Babu abin da ta zuba don ya yi tsamin. Amma ta san abubuwa da yawa da ba ta taɓa rubutawa ba. Ta san da bazara dare ɗaya ya wadatar, da hunturu kuwa sai an ƙara lokaci ko a ajiye robar a ɗaki mai ɗumi. Ta san sabuwar roba ba ta saurin ba da tsami kamar tsohuwa. Ta san in tana gaggawa sai ta zuba ɗan ruwan tsamin jiya a ƙullun yau. Ta san warin da ke nufin ya yi daidai, da warin da ke nufin a ba dabbobi. Haka Bafulatana take da ƙwaryarta: guntun nonon jiya shi ke kama madarar yau.

Abin da ke aikin ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, suna manne a jikin hatsi, da hannun mai tacewa, da bakin injin markaɗe, da jikin mazubi. Manya a cikinsu jinsi biyu ne. Akwai bakteriya masu cin sukari su mayar da shi tsami irin na nono. Akwai kuma yis, ɗan'uwan wanda ake sa wa fanke da burodi, mai cin sukari ya fitar da iska da barasa. Louis Pasteur, masanin nan na Faransa, shi ya nuna a 1857 cewa tsamin madara aikin halitta mai rai ne, ba lalacewa kawai ba. A cikin ƙullun koko bakteriyar tsami ce ke yin rinjaye, domin sukarin da ke sake ba shi da yawa, kuma ba a ba shi lokaci mai tsawo. A cikin kunun aya mai dabino kuwa sukari a yalwace yake, shi ya sa gorar ke kumbura.

Abin mamaki, binciken da aka fi ambato kan kokon gero ba a ƙasar Hausa aka yi shi ba. A Gana, inda Hausawan zango suka kai wannan abinci har ake kiransa kokon Hausa, Vicki Lei da Mogens Jakobsen daga Denmak sun bi masu dama koko a arewacin ƙasar, suka wallafa sakamakonsu a 2004. Sun samu cewa bakteriya iri biyu ne suka fi yawa a ciki, Weissella confusa da Lactobacillus fermentum. Daga baya an gwada ba yara masu gudawa wani abin sha da aka yi da ruwan tsamin, ba a kuwa ga ya gaggauta warkewarsu ba. Ya kamata a faɗi wannan, domin kasuwar intanet ta cika da masu mayar da kowane abinci magani. Amfanin tsami na gaskiya ya isa ba sai an ƙara masa gishiri ba: yana hana yawancin ƙwayoyin cuta yaɗuwa a cikin ƙullu, yana rage wani sinadari na jikin hatsi da ke tare ƙarfe da zinki daga shiga jiki, yana kuma sa abinci ya jure zafi a garin da babu firji.

Sai dai kariyar tana da iyaka. Tsami ba ya wanke ƙazamin ruwan da aka sirka da shi daga baya, ba ya tsarkake ƙanƙarar da aka yi da ruwan da ba a san asalinsa ba, ba ya wanke gorar da aka tsinto a tasha. Mutanen wannan yanki ba su manta kwalarar 2018 ba, wadda ta ɓarke a gundumar Madarumfa cikin Yuli, rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya kuma suka danganta farkonta da marasa lafiya da suka ƙetara daga ɓangaren Jibia neman magani. Cuta irin wannan ta ruwa take bi, kuma sana'ar abin sha a kan ruwa take tsaye.

Kwarin Zenne

A kudu maso yammacin birnin Burasal akwai wani yanki na gonaki da ake kira Pajottenland, ƙaramin kogin Zenne na ratsa gefensa. Nan ne gidan lambik. Ana haɗa tsiron sha'ir da ɗanyar alkama, alkamar ta kai kashi 30 zuwa 40 cikin 100. Ana dafa ruwan na sa'o'i da wani fure mai ɗaci da ake kira hop, amma da gangan ake amfani da wanda ya tsufa shekara biyu ko uku, wanda ɗacinsa ya ragu, ƙarfinsa na hana ruɓewa kuma yana nan. Daga nan sai a tura ruwan da zafinsa zuwa saman bene, a zuba a wani kasko mai faɗi marar zurfi, galibi na tagulla, a buɗe tagogi, a tafi a kwanta. Da safe ya huce, kuma abin da zai faɗa ciki ya faɗa. Ba a yin wannan aiki sai daga Oktoba zuwa Afrilu, domin daren da ya yi ɗumi yakan kawo ƙwayoyin da ke ɓata ruwan.

Yawancin giyar duniya ba haka ake yin ta ba. Tun da Emil Christian Hansen ya ware yis tsantsa guda ɗaya a ɗakin binciken Carlsberg da ke Kopenhagen a 1883, masana'antu suka koma zuba iri ɗaya sananne a tukunya rufaffiya, don kowace kwalba ta fito daidai da 'yar'uwarta. Masu lambik suka tsaya a kan tsohuwar hanya. Masu bincike na jami'ar Leuven sun bi diddigin abin da ke gudana a cikin gangar a shekarun 1970, suka ga ashe ba halitta ɗaya ke aikin ba. Abin kamar cin kasuwar ƙauye yake, masu sammako su watse, na rana su zo, na yamma su rufe. A makonnin farko wasu bakteriya ne ke fara ci. Sai yis ya karɓa na 'yan watanni ya yi barasar. Sai wata bakteriya mai suna Pediococcus ta kawo tsami. A ƙarshe sai wani yis na daji mai jinkiri, Brettanomyces bruxellensis, wanda aka raɗa wa sunan birnin Burasal bayan an gano shi a cikin lambik a 1921, ya cinye ɗan sukarin da ya rage cikin shekara ɗaya ko biyu. An kuma gane cewa ba iska kaɗai ke kawo su ba. Da yawansu a jikin katakon tsofaffin gangunan suke zaune, da rufin ɗakin. Wannan shi ne abin da mai koko ta sani game da tsohuwar robarta.

'Ya'yan itace daga baya suke shigowa. In lambik ta yi shekara ɗaya ko fiye, sai a zuba mata wani ceri mai tsami, ɗanye da ƙwallonsa, gram 200 zuwa 400 a kowace lita gwargwadon al'adar gidan. Sukarin cerin ya sake tayar da yis, a bar shi watanni, ruwan ya koma ja, zaƙin ya ƙare ƙaf, ƙamshin ya zauna. Wannan ita ce kriek. In rasberi aka sa, sunanta framboise. Wasu na sa inabi ko wasu 'ya'yan itacen. In kuma an gauraya sabuwar lambik da tsohuwa aka toshe a kwalba ta sake tashi, ita ce gueuze. Gidajen da suka shahara sun haɗa da Cantillon a unguwar Anderlecht, wanda aka kafa a 1900, da Lindemans, da Timmermans, da 3 Fonteinen a Beersel, da Boon a garin Lembeek.

Namu ɓangaren da ba a cika faɗa ba

Ƙasar Hausa ma ta san giya mai tsami, kuma ɓoye wannan ba ya canza tarihi. Maguzawa a karkarar Kano da Katsina, da Arna a kwarin Maraɗi, sun daɗe suna dafa giyar dawa. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan Kano a ƙarshen shekarun 1930 ya fitar da littafinsa a 1946, da Guy Nicolas da ya yi shekaru yana nazarin kwarin Maraɗi, duk sun rubuta matsayinta a bukukuwa da tsafi. Aikin mata ne. Ana jiƙa dawa, a baza ta ta tsira, a shanya, a niƙa, a dama, a dafa, a bar ruwan ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa, a huce, sannan a juye a tukunyar da ta saba ko a zuba guntun na baya, bayan kwana biyu ta tashi. Ita ce burkutu, danginta kuma su ne fito, da dolo na Burkina Faso, da cukutu na Binin. Matakin tsamin na farko da kansa yake zuwa, daidai da na lambik. Bambancin shi ne zafinmu ba ya ba da damar ajiya: abin da ke ɗaukar shekara uku a Beljiyam a nan kwanaki yake yi, kwanaki kaɗan bayan haka kuma ya zama ruwan khal.

Da Musulunci ya kafu, giya ta koma gefen gari, amma fasahar tsami ba ta tafi ba. Ta zauna a koko, da nono, da daddawa, da kunun zaƙi, wanda wasu har yau suke sa masa tsiron hatsi don ya kawo zaƙi. Itatuwan ma haka. Ɗanya, wadda yaran karkara ke tsotsar 'ya'yanta, ita ce bishiyar marula da ake yin giya da ita a kudancin Afirka, har UNESCO ta sa bikinta na Namibiya cikin gadon al'adun duniya a 2015. A nan Bahaushe ya ɗauki 'ya'yan itacensa ya bi wata hanya da su: ɗinya a dafa ta a yi maɗi, kuka a kaɗa garinta, tsamiya a jiƙa ta a dama kunu, goruba a jiƙa a sha ruwan. Duk a sha su kafin su juya.

Inda malamai suka ja layi

Wannan "kafin su juya" ba a bar shi ga ɗanɗano kawai ba. Fiƙihu ya yi magana a kai dalla-dalla, a babin nabizi, wato ruwan da aka jiƙa dabino ko busasshen inabi a ciki. Ya tabbata a Sahihu Muslim, daga Ibnu Abbas, cewa akan jiƙa wa Manzon Allah (SAW) irin wannan, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage bayan nan ba ya ajiye shi. Duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, a zauren malaminsa a Katsina ko Maraɗi, ya ci karo da hani biyu a wannan babi: haɗa nau'i biyu a jiƙo ɗaya, da yin jiƙon a cikin duma ko mazubin da aka shafe da kwalta. Malamai sun bayyana hikimar da cewa waɗannan na gaggauta juyewar abin sha zuwa mai sa maye, mutum bai ankara ba.

Duk wanda ya san abin da masu binciken Leuven suka gano zai tsaya a nan ya yi tunani. Ƙarin 'ya'yan itace ƙarin sukari ne ga yis. Mazubi mai ƙananan ramuka, irin duma ko katako, yana riƙe ƙwayoyin jiƙon baya. Lokaci da zafi su ke yanke hukunci. Abubuwa ukun da mai lambik ke nema da gangan, su ne ukun da aka ja kunnen Musulmi a kansu, fiye da ƙarni goma kafin a haifi Pasteur. Hukuncin kowane abin sha na yau, da yadda za a auna kunun da ya kwana a zafin Jibia, na malamai ne. Amma a ganina malami da mai binciken abinci suna da zaman da ya kamata su yi tare, domin kwana uku a wani yanayi ba kwana uku ba ne a wani, kuma mata masu sana'ar sun cancanci a ba su amsa da ma'auni, ba da zato ba.

Garin leda

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu lambik ta kusa mutuwa. Lemon kwalba ya sauya bakin mutane, suka koma son zaƙi. Manyan kamfanoni suka shiga yin wani abu da suke kira kriek, amma da ruwan 'ya'yan itace na gwangwani da kayan zaƙi, a tace, a kashe ƙwayoyin da zafi, a fitar cikin makonni. Gidajen da ke yin ta asali, waɗanda a farkon ƙarni na 20 ake ƙirga su da ɗaruruwa, suka ragu zuwa 'yan ƙalilan. Waɗanda suka rage ba su zauna kuka ba. Frank Boon ya karɓi wani tsohon gida da ke shirin rufewa a shekarun 1970. Cantillon ta mayar da masana'antarta gidan tarihi a 1978. A 1997 wasu daga cikinsu suka kafa ƙungiya mai suna HORAL, a daidai lokacin kuma Tarayyar Turai ta yi wa sunayen rajista, ta yadda ba mai rubuta "tsohuwar kriek" a kwalba sai ya bi tsohuwar hanya. A 2016 UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin gadon duniya.

Mu yanzu muna daidai inda suke a shekarun 1960. A shagunan kayan haɗi ana sayar da wani farin gari da ake kira ɗan tsami, da kala, da filebo na abarba da na kola, da ƙwayar zaƙi. Da su yarinya za ta haɗa bokiti guda na abin da za ta kira zoɓo ko lemo cikin minti goma, ba jiƙo, ba kwana, ba tsamiya. Ba na ganin laifinta. Sukari ya yi tsada, itace ya yi tsada, mai saye kuma naira 50 ko 100 yake riƙe da ita. Ɗan tsami na gaskiya ma, in na abinci ne kuma bai lalace ba, ba guba ba ne, irin tsamin da ke cikin lemo ne. Matsalar ita ce farin gari ba shi da fuska. A Maris 2021 ɗaruruwan mutane a Kano sun kwanta asibiti, wasu da fitsarin jini, wasu suka rasu, bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin da aka sayar da sunan ɗan tsami. Hukumar NAFDAC ta ce gwajinta ya nuna wani sinadarin masana'antu ne mai haɗari. Araha ba ta ado. Tsamiya kuwa ko makaho ya taɓa kwansonta ya san ita ce.

Hanyar tsare suna ba baƙuwa ba ce a wannan iyakar. Tsallaken Magama kaɗan, Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajista a hukumar OAPI mai kula da haƙƙin fasaha a ƙasashen Afirka da dama, a matsayin kayan da ke da asali da ƙa'idar yi. Kafin a kai ga haka sai da aka zauna da mahauta da manoma aka rubuta mataki-mataki yadda ake yin abin. Wannan rubutun shi ne babu shi ga kokon gero, da kunun tsamiya, da maɗi. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana Katsina, Jami'ar Tarayya tana Dutsin-Ma, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana Maraɗi, Magama kuma tana tsakiyarsu. Ɗalibi ɗaya daga kowace, da ma'aunin zafi da na tsami, su zauna da masu koko goma tsawon bazara da damina da hunturu, za su fitar da abin da mai sana'a za ta yi aiki da shi: sa'o'i nawa jiƙo ke buƙata a kowane yanayi, a wane mataki tsami ya isa kariya, bayan sa'o'i nawa kunun aya ya fita daga abin sayarwa. In layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 kuma zai bi ta Jibia, ya fara aiki, masu sha za su ƙaru, kuma katan-katan na lemon kamfani za su riga kowa isa tasha.

Akwai kuma abin da rajista ba ta iya tsarewa. Cerin da aka fi so a kriek shi ne na Schaarbeek, amma birnin Burasal ya cinye gonakinsa ya mayar da su unguwa, har masu sana'ar suka koma sayo ceri daga Folan da wasu ƙasashe. Sai a 'yan shekarun nan wasu gidajen suka shiga haɗa kai da manoman yankin ana sake dasa shi. Yanayi ma ya taɓa su: a ƙarshen 2015 Jean Van Roy na Cantillon ya dakatar da dahuwa saboda dare ya ƙi yin sanyi a lokacin da ya saba. A ɓangarenmu tsamiya da ɗinya da kanya da goruba yawanci ba shuka su ake ba, gadonsu ake yi a gona ko a tsinto a daji. Dazukan da ke kudu da yammacin Jibia, har zuwa dajin Rugu, shekaru ke nan mata da yara ba sa shigarsu da kwanciyar hankali saboda 'yan bindiga, itatuwan da ke kusa da gari kuma gatarin masu gawayi da masu sassaƙa turmi na binsu. A yankin Maraɗi manoma sun nuna tun shekarun 1980 cewa in aka bar kututture ya tofo, aka rage masa rassa, aka tsare shi daga dabbobi, gona takan sake cika da itatuwa ba tare da an sayi dashe ko ɗaya ba. Tsamiyar da aka shuka daga ƙwallo takan yi shekara bakwai ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, don haka wadda masu kunun Magama za su jiƙa a azumin shekaru goma masu zuwa, ko tana tsaye a gonar wani yanzu, ko kuwa sai an shuka ta a daminar bana.